Manhajar da ke amsa tambaya ba ta ɗibar jini

Akwai tambayar da magidanci zai gwammace ya haɗiye ta da ya furta ta a gaban likita, balle idan likitan ɗan unguwarsu ne. Fitsari na yi masa zafi, ko ya ga wani ƙurji a gabansa. A wajen mace abin ya fi nauyi, domin kafin ta kai ga likita sai ta fara tunanin wa zai gan ta a layi. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, Meta AI kuma ta shigo cikin WhatsApp a Nijeriya a 2024, irin wannan tambaya ta samu wurin zuwa da tsakar dare, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Masu wannan damuwa ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana mutum fiye da miliyan ɗaya ke kamuwa da ɗaya daga cikin cututtukan saduwa da ake iya warkarwa. A 2020 kaɗai an samu sabbin kamuwa kusan miliyan 374 na cututtuka huɗu: ciwon sanyi na gonoriya, tunjere, kilamidiya da tirikomonas. Mafi yawan masu ɗauke da su kuma ba sa jin komai a jikinsu.

Don haka ne wasu asibitoci suka sa ƙirƙirarriyar basira a aikin tantancewa. Cibiyar lafiyar jima'i ta birnin Melbourne a Ostireliya ta samar da manhajar MySTIRisk, wadda aka horar da bayanan mutanen da suka taɓa zuwa cibiyar. Tana tambayar mutum shekarunsa, mutum nawa ya sadu da su, ko yana amfani da kwaroron roba, ko ya taɓa kamuwa a baya. Daga nan sai ta auna girman haɗarinsa, ta ba shi shawarar ya je gwaji. A nan aikinta ya tsaya, kuma a ganina nan ne ya dace ya tsaya. Mai jin kunya ya fi sakin jiki ya faɗi gaskiya ga waya, idan wayar ta tura shi ɗakin gwaji ta yi abin kirki.

Matsala tana farawa ne idan aka ɗauki hirar a matsayin gwajin kansa. A 2024 wani kamfani mai suna HeHealth ya fitar da manhajar Calmara, yana cewa mutum ya ɗauki hoton al'aurar wanda zai sadu da shi, manhajar ta faɗa masa ko akwai cuta. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta binciki wannan iƙirari, ba a ƙare shekarar ba aka rufe manhajar. Dalilin kuwa ko ɗalibin jinya ya san shi: cutar da ba ta nuna alama ba, hoto ba zai gano ta ba. Kilamidiya na iya zama a jikin mace ba ƙaiƙayi ba fitar ruwa, har ta toshe mata hanyar ƙwai ta hana ta haihuwa. Tunjere kan fara da gyambo guda marar zafi, ya warke da kansa cikin 'yan makonni, mutum ya ce ya samu sauƙi, alhali ƙwayar ta shige jini, kuma mai ciki na iya sa wa jaririnta. Ƙwayar cutar ƙanjamau ma, gwajin yatsa na gaggawa yakan ɗauki har wata uku bayan kamuwa kafin ya nuna ta. Abin da jini bai kai ga nunawa ba, ina manhaja za ta gan shi?

A wajenmu akwai wani ƙarin haɗari. Mutum ya rubuta alamominsa, manhaja ta lissafo cututtuka uku ko huɗu, ya zaɓi wadda ta kwanta masa, ya nufi kemis ya ce a haɗa masa kafso. Kwana biyu zafi ya lafa, ya ajiye sauran. Haka gonoriya ta riƙa bijire wa magunguna ɗaya bayan ɗaya, har ya zama allurar ceftriaxone ce madogarar da ta rage a yawancin ƙasashe. Sannan ba kowace fitar farin ruwa ce cutar saduwa ba. Wata ƙaiƙayin fangas ce kawai, amma amsa ɗaya daga waya ta isa ta jefa zargi a gidan da babu laifin kowa.

Sai batun sirri, wanda shi ne ya kai mutum ga wayar tun farko. Abin da aka rubuta yana tafiya ne zuwa rumbun kamfani a wata ƙasa. A 2018 an gano manhajar Grindr na miƙa wa wasu kamfanoni bayanin ko masu amfani da ita na ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Nijeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023, amma gara kada mutum ya rubuta sunansa ko ya tura hoton tsiraicinsa. Wayar da yara ke karɓa su yi wasa kuwa, a goge hirar.

Idan za a tambayi manhaja irin ChatGPT ko Meta AI, a tambaye ta wane gwaji ya dace, na jini ko na fitsari ko na ɗibar ruwan gaba, da kuma yaushe ya kamata a yi shi. In sakamako ya nuna akwai cuta, magani na miji ne da matarsa tare, mai mata biyu ko uku kuma dukkansu, a kuma dakatar da saduwa har kowa ya gama shan nasa. In ba haka ba, wanda ya warke zai sake ɗauka daga wanda ba a yi wa magani ba.