Suna a rajista, yaro a gona: abin da ke hana ƴan makaranta zama aji a Nijar

A ƙauyuka da dama na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ranar komawa makaranta tana zuwa ne a watan Oktoba, daidai lokacin da magidanta ke tsakiyar girbin hatsi. Direkta zai buɗe rajista ya kira sunaye, amma da yawa daga cikin masu sunayen suna gona, wasu na ɗaure dammunan hatsi, wasu na tsinkar wake ko cirar gujiya. A wasu makarantun ajin da za a zauna ma bai samu ba tukuna, domin da kara da zana ake yin sa, kara kuwa sai an gama girbi ake samunsa. Haka makonni ke wucewa kafin karatu ya kankama.

Wannan ita ce fuskar matsalar da ba a cika gani a jawabin ranar buɗe makarantu ba. Rubuta sunan yaro a lakwal abu ne mai sauƙi yanzu idan aka kwatanta da shekarun baya. Abin da ke da wuya shi ne a same shi zaune a aji tun daga Litinin har Juma'a, daga Oktoba har Yuni.

Doka ta riga ta yi magana

Ta fuskar takarda, gwamnatocin da suka gabata ba su yi shiru ba. Dokar da ta tsara ilimi a ƙasa, wadda aka fi sani da LOSEN, ta fito tun a watan Yunin 1998. A zamanin shugaba Mahamadou Issoufou an ɗauki alkawarin karatu kyauta kuma dole har zuwa shekara 16. A watan Disamban 2017 aka sa hannu a kan wata doka ta musamman domin kare ɗiya mace da tallafa mata muddin tana makaranta, sannan matakan da suka biyo baya suka ba wadda aka yi wa aure ko ta samu juna biyu damar ci gaba da karatunta.

Sai dai doka ba ta ɗebo wa gida ruwa daga rijiya, ba ta kuma kai awaki kiwo. Yaron da ya yi fashin makaranta galibi wani aiki ne ya ja shi. Ranar kasuwar mako, ƴan mata na fita talla, samari na tura amalanke ko riƙe wa mahaifi dabba. Da rani ya yi nisa, rumbu ya fara sauka, iyali gaba ɗaya kan tashi cin rani, yaro kuma ba ya zama shi kaɗai a gida don karatu. A yankin Kance na jihar Damagaram an daɗe ana ganin mata na tafiya Aljeriya da ƙananan yara. Mutane ba su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara. Yawancin yaran nan shekarunsu na zama aji ne.

Ajin da ke jiran kaka, yake gudun damana

Babban abin da ke cinye kwanakin karatu shi ne ajin zana. A zamanin shugaba Mohamed Bazoum, mahukunta da kansu sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Ba a kafa su sai bayan girbi, kuma da zarar hadarin farko ya taso da iska, sai su watse. Yaron da ke ajin zana yana rasa farkon shekara, yana rasa ƙarshenta. A tsakani kuma ga hunturu da ƙurarsa, ga zaman ƙasa babu teburi.

Ga kuma haɗarin rai. A ranar 13 ga Afrilun 2021, gobara ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. A ranar 8 ga Nuwamban shekarar, wata gobarar ta cinye azuzuwan zana a birnin Maraɗi, inda aƙalla yara 25 ƴan shekara biyar zuwa shida suka rasa rayukansu. Bayan haka ne gwamnati ta hana sanya ƴan rainon yara a azuzuwan zana, ta kuma ƙara matsa ƙaimi wajen gina na siminti. Amma yawan yaran da ke kai shekarun shiga makaranta kowace shekara ya fi ƙarfin ginin da ake yi, shi ya sa har gobe ana kafa rumfa.

Damana kanta kan shigo cikin lissafi. A 2024, ambaliyar ruwa ta sa hukumomin mulkin soja na CNSP ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, saboda makarantu da yawa sun lalace, wasu kuma waɗanda gidajensu suka rushe ne ke fake a ciki. A jihar Tilaberi kuwa rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu, kuma ƙauyukan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji su ma sun ɗanɗana tashin hankalin ƴan bindiga.

Inda tukunya ke tafasa, aji na cika

Matakan da suka fi tasiri su ne waɗanda suka taɓa ainihin abin da ke fitar da yaro daga aji. Na farko shi ne ciyarwa a makaranta. Gwamnati tare da Hukumar Abinci ta Duniya, wato PAM, suna tafiyar da kantin a makarantun karkara da na makiyaya. Idan yaro ya san zai samu kunu da safe da kalacin rana, uwarsa ba ta da dalilin riƙe shi, shi ma ba ya sulalewa gida da tsakar rana ya ƙi dawowa. Ga iyalin makiyayi, kantin ne ke ba shi damar barin yaro a wurin karatu ya bi dabbobinsa. Matsalar ita ce ciyarwar ba ta kai ga galibin makarantu ba, kuma duk lokacin da buhuna suka yi jinkirin isowa, malamai kan gane haka daga yawan guraben da babu kowa.

Na biyu shi ne wurin kwana ga ƴan mata. Yarinyar ƙauye da ta gama CM2 sau da yawa sai ta koma wani gari kafin ta samu CEG. Can za a ajiye ta gidan dangi ko na wani sanin uba, inda aikin gida kan fi ƙarfin karatu, uwaye kuma hankalinsu ba ya kwanciya. Da yawa sukan maido da ita, daga nan sai maganar aure. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Wannan ne ya sa gwamnatin Bazoum ta ƙaddamar da shirin gina gidajen kwana na ƴan mata kusa da kwalejojin karkara, kuma na garin Kelle da ke gundumar Gure yana cikin na farko. Gidan kwana yana bukatar abinci, ruwa, da mace amintacciya mai kula da yaran kowace rana, don haka ɗorewarsa ta dogara da kuɗin tafiyarwa, ba gini kaɗai ba.

Na uku shi ne sa idon mutanen gari. Kwamitocin kula da makarantu, COGES da daga baya aka koma kira CGDES, sun samu ƙarfi ta hanyar wani shirin haɗin gwiwa da ƙasar Japan da aka fara a jihar Tawa a 2004. Inda kwamitin ke aiki, shi ke tara kara a kafa aji da wuri, shi ke bin gida gida idan yaro ya ɓace kwana biyu. Ƙungiyoyin uwaye mata na makaranta su ne ke iya shiga ɗaki su yi magana da uwar da ta ɗora wa ɗiyarta tiren talla. Ga waɗanda suka riga suka fita ko ba su taɓa shiga ba, akwai azuzuwan gaggawa na wata tara, da ke fara koyar da yaro da harshensa kafin a maida shi makarantar gwamnati.

Idan malam bai zo ba fa?

Ba a iya maganar fashin ɗalibai a bar na malamai. Akasarin masu koyarwa a firamare ƴan kwantaragi ne. Wanda aka tura ƙauye mai nisa yakan bar aji ya tafi babban gari karɓar ɗan abin da ake biyansa, idan kuma biyan ya yi jinkiri, kwana ɗaya ya zama uku. Ga yajin aiki da ya sha cinye makonni a shekarun baya. Yaron da ya taka kilomita uku ya tarar da aji babu malam sau biyu a jere, a rana ta uku uban zai ce ya bi shi gona, kuma da wuya a ga laifinsa. Biyan malami a kan lokaci, a kusa da inda yake aiki, yana cikin maganin fashin yara.

Ga ƴan ƙasa da ke Kano, Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya, wannan zance ya shafi ƙannensu da ƴaƴansu kai tsaye. Da yawa suna turo kuɗin littattafai da alli a watan Oktoba, sai su ɗauka magana ta ƙare. Alhali lokacin da yaro ya fi fuskantar barin aji shi ne daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da abinci ya ja baya a gida, zafi ya tsananta, rijiya ta yi nisa. Jika biyar da ta iso a wannan tsakani tana iya hana a ɗora wa yarinya talla. Kuma tambayar da ta fi amfani a waya ba ita ce ko an sa yaro makaranta ba. A tambaya kwana nawa ya je a wannan mako, ko malam na nan, a kuma ce a ɗauko hoton littafinsa a turo ta WhatsApp. Kwanan watan da ke saman shafi na ƙarshe zai faɗi gaskiyar da rajista ba ta faɗa.