Arewa: yadda mai mota zai canza «kaptar arbarakam» da hannunsa

A Dogon Dutsi da Tibiri, tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 na ja da baya, motocin Toyota da sauran masu kwamfuta suna maye gurbinsu. Waɗannan motoci sun zo da wata irin lalacewa da direbobin da ba su saba da ita ba: mota ta ƙi tashi bayan inji ya yi zafi, ko ta mutu tana cikin tafiya a babbar hanya RN1, tsakanin Koren Mairuwa da Dutsi, fitilar inji kuma ta kunnu a gaban direba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa haka shi ne wata ƙaramar na'ura da kanikawa ke kira «kaptar arbarakam», sunan da suka aro daga Faransanci.

Arbarakam sandar ƙarfe ce da ke buɗewa da rufe ƙofofin da iska ke shiga, hayaƙi ke fita. Tana juyawa sau 1 duk lokacin da babbar sandar inji ta juya sau 2. Aikin kaptar shi ne ta sanar da kwamfutar mota inda wannan sanda take, domin a fesa mai a kuma ba buji wuta a daidai lokaci. Idan saƙon ya yanke, inji ya rikice.

Canza ta ba wuya. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne sayen sabuwa alhali tsohuwar lafiya lau take. Saboda haka matakin farko shi ne a haɗa motar da na'urar bincike. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, suna da wurin haɗa ta a ƙasan sitiyari. Lambar P0340 tana nuni ga kaptar arbarakam da wayoyinta, P0335 kuwa ta kaptar babbar sanda ce, wata na'ura daban. Ko P0340 ta fito, sai a duba waya da fishi tukuna: zafin inji na busar da robar waya, ƙurar hanyoyin Matankari da Dogon Kiriya na shiga fishi, ɓera ma kan ci waya. Bel ko sarƙar da ta tsallake haƙori ita ma tana iya jawo irin waɗannan alamu, wannan kuwa aikin bakanike ne.

In an tabbatar kaptar ce, a bar inji ya huce, a cire wayar batir mai alamar (–). A yawancin motoci na'urar tana saman inji, kusa da ƙarshen arbarakam, ƙusa ɗaya ke riƙe da ita, galibi ta kile mai lamba 10. A danna maƙallin fishi a zare shi a hankali, kada a ja waya. A share ƙurar wurin kafin a kwance ƙusa, don kada yashi ya faɗa cikin inji. A murɗa tsohuwar kaɗan, a ciro ta tare da zoben robarta. A shafa wa zoben sabuwar ɗan man inji, a tura ta har ta zauna, a ɗaure ƙusa ba da ƙarfi ba, domin jikinta roba ne, yana tsagewa. A mayar da fishi da batir, a goge lambar da na'urar bincike, sannan a gwada motar cikin gari har inji ya yi zafi.

Wajen saye, ko a Dutsi, ko a Doso, Yamai ko Ƙonni, a tafi da tsohuwar a hannu, a gwada lambar da ke jikinta da yawan bakin fishinta, wata biyu wata uku. Kaptar da ta yi kama da ta asali amma lamba ta bambanta tana iya shiga ramin, motar kuma ta ci gaba da mutuwa. Wanda bai gama gwaji ba, kada ya ɗauki fasinja ya kama hanyar Doso.