Baftismar Kirista: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

A Gwashi, kamar sauran garuruwan Bukkuyum da Gummi da Anka, kusan kowa Musulmi ne. Amma ƙasar Zuru tana nan kudu, inda 'yan mishan na United Missionary Society suka zauna tun shekarun 1920, kuma cocin da ta fito daga aikinsu, UMCA, tana nan har yau. Ana haɗuwa a kasuwa da wajen aiki, shi ya sa labarin baftisma yake yawo a bakin mutanen da ba su taɓa ganin an yi ta ba.

An fi cewa ana zuba wani abu a cikin ruwan, ko a ba mutum ya sha, hankalinsa ya juya. Babu wannan. Ruwa ne irin na kowa, na rafi ko na rijiya ko na famfo, kuma ba a shan sa. A cocin ECWA da UMCA da Baptist, fasto kan shiga ruwan har ƙugu, ya tambayi mai tuba a gaban jama'a ko ya ba da gaskiya ga Yesu, ya tallafe bayansa ya nutsar da shi, ya ɗago shi nan take. Mata na bakin ruwa suna waƙa, wani na riƙe da zane yana jira. A Katolika kuwa, fada yana zuba ruwa sau uku a ka, a shafa mai, a ba da farin ƙyalle da kyandir. Abin da ake sha a coci na wata ibada ce dabam, jibin Ubangiji. Katolika na amfani da ruwan inabi a nan, coci-coci da yawa kuma abin sha marar sa maye suke bayarwa.

Cewa ana yi wa jarirai baftisma gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Katolika da Anglika suna yi, iyaye da masu tsaya wa yaron su ɗauki alkawarin tarbiyyarsa. ECWA da Baptist ba sa yi sai mutum ya yi wayo ya furta da bakinsa. Wannan saɓani ya daɗe a tsakaninsu: a Turai a ƙarni na 16 har kashe masu sake baftismar manya aka yi.

Batun kuɗi fa? Ba a sayen baftisma, kuma ba a biyan kowa don ya karɓa. Dokar Katolika ma ta haramta cinikin ibada. Abin da ke gaskiya shi ne, mishan sun zo da makaranta da asibiti, kamar na Wusasa da gidan kula da kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, kuma mutane da dama ta wannan ƙofa suka shiga. Ko don Allah wani ya shiga ko don magani, wannan zuciyarsa ce ta sani. Sai dai babba ba ya zuwa yau a yi masa gobe. Akwai ajin baftisma, watanni ana koyarwa, a Katolika takan kai shekara ko fiye, yawanci a yi ta daren Ista.

Suna kuma ba dole ne a koma na Turawa ba. Wasu kan ɗauki Bulus ko Bitrus ko Rifkatu, wasu su riƙe na yanka. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne da ya tashi a Wusasa, haka Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa. Harshe ma ba dole sai Turanci ba: cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, da hannun Dokta Walter Miller a aikin.

Jita-jitar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce wannan: wai da an yi maka baftisma an wanke ka ke nan, ka je ka yi abin da ka ga dama. Masu faɗin haka ba daga sama suka tsinto ta ba, sun ga wanda aka yi wa baftisma yana tauye mudu ko yana kwana a mashaya. Amma koyarwar akasin haka take. A babi na 6 na wasiƙarsa ga Romawa, Manzo Bulus ya ɗauko wannan tambaya da kansa, ko a ci gaba da zunubi tunda akwai gafara, ya ƙi ta ƙememe. A bayaninsa, nutsewa cikin ruwan binne tsohon hali ne, fitowa kuma soma sabuwar rayuwa. Yahaya Mai Baftisma ma, a Kogin Urdun, ya gaya wa masu karɓar haraji kada su ƙara a kan abin da aka yanka, sojoji kuma su bar ƙwace. Kiristoci sun saɓa kan ko ruwan da kansa yana kawo gafara, kamar yadda Katolika ta tafi a kai, ko alama ce ta tuban da ya riga ya auku a zuciya, kamar yadda ECWA ke koyarwa. Ba ɗayansu da ya ce lasisi ne. Wanda aka yi wa baftisma aka kuma kama shi da zina ko sata, a coci-coci da yawa akan sa shi ƙarƙashin horo: a sanar a gaban ikilisiya, a hana shi jibin Ubangiji, a wasu wurare ya koma bencin baya har sai dattawa sun gamsu. Kuma ba a maimaita baftisma duk lokacin da aka yi laifi, don haka mai kwatanta ta da alwala ko wankan janaba ya yi kuskure.

A ganina, inda jita-jita ta fi kusa da gaskiya shi ne zancen mai mata da yawa. An ce sai ya saki sauran kafin a yi masa, kuma an daɗe ana haka. Taron bishop-bishop na Anglika a Lambeth a 1888 ya hana yi wa irin wannan magidanci baftisma muddin yana tare da matansa, abin da ya jefa mata da 'ya'ya cikin wahala a wurare da dama na Afirka. Sai a 1988 taron ya sassauta: a karɓe shi da matansa da suka ba da gaskiya, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma jama'ar cocin wurin sun yarda. Katolika har yanzu tana kan mace ɗaya, tare da wajabta masa ci gaba da ɗaukar nauyin sauran da 'ya'yansu.