Daskarewar jini da ciwon sankara

Darasinmu na yau a kan jini yake.

In wuƙa ta yanke ka, jini ya kan zuba kaɗan, sa'an nan ya tsaya. Me ke tsai da shi? Cikin jini akwai wani sinadari da hanta ke yi. Shi ke zama zare-zare kamar ragar masunta, ya kama jini, ya toshe ciwon. Wannan daskarewa ce mai amfani. Amma in jini ya daskare cikin jijiya ba tare da rauni ba, to, akwai hatsari.

A shekarar 1865 wani likitan Faransa, Arman Turuso, ya lura masu ciwon sankara sun faye samun gudan jini cikin jijiya. Yau an san dalili. Tsiron sankara yana sakin abubuwa masu sa jini saurin daskarewa. Daskarewar kuma tana taimakon cutar: ƙwayoyin sankara suna ɓuya cikin gudan jini, su tsere wa garkuwar jiki, su sauka wani wuri. Sankarar tumbi da ta huhu suna cikin masu yawan kawo wannan matsala.

Ta yaya likita ke ganewa? In jiki ya narkar da gudan jini, ɓurɓushi ya kan rage. Sunansa De-dimer. Ana ɗibar jini kaɗan a hannu a auna shi. Ga mai sankara, in De-dimer ya yi yawa, sau da yawa alama ce cutar ta yi nisa ko ta bazu. Sai likita ya ƙara bincike, ya ƙara sa ido.

Amma mu kiyaye. Awon nan shi kaɗai ba ya nuna sankara. Mace mai ciki, da tsoho, da wanda aka yi wa tiyata, duk nasu ya kan hau. Likita ne ke fassara awo, ba maƙwabci ba.

Ga alamun da ba a jira da su:

1. Ƙafa guda ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo.
2. Numfashi ya yi wuya farat ɗaya.
3. Ciwon ƙirji, ko tari da jini.

In kun ga haka, kada a murza ƙafar, kada a yi tsaga ko ƙaho. Gudan jini yana iya ɓallewa ya tafi huhu, ya kashe mutum. A kai marar lafiya gidan likita ran nan. Akwai allura da ƙwayoyi masu hana jini daskarewa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, inda aka fara gashi da haske a 2021.

Tambayar mako: waɗanne alamu 3 muka ambata? Ku rubuta amsa, ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.