Zance Tsakanin Mahaifi da Ɗansa Baligi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani magidanci bayan sallar lisha, ya ga yadda akan kira yaro ɗan shekara 15 ya zo ya tsuguna nesa da tabarma, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke, uban yana jero masa tambayoyi game da makaranta da abokai da inda ya yini, shi kuwa ba ya fid da komai daga bakinsa illa “lafiya lau” da “ba komai” da “to, Baba”, zai iya zaton hira aka yi, alhali kuwa abin da ya gudana ya fi kama da zaman alƙali da wanda ake tuhuma. Uban ya tashi yana ganin ya sauke nauyi, yaron ya tashi yana hamdala ya kuɓuta, kowa da abin da ke cikinsa.

Ba ƙarancin ƙauna ya kawo haka ba. Kunya ce, wadda muka gada, har ta kai uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, uba kuwa yakan kau da kai idan ana yabon ɗansa a gabansa. Amma magabatanmu, da suka rufe wannan ƙofa, ba su bar yaro a ɗaki marar taga ba. Akwai kaka wadda take kiran jikanta mijinta, suna wasa da barkwanci har ya faɗa mata abin da ba zai iya furtawa gaban mahaifiyarsa ba. Akwai goggo da kawu, akwai taubasai, akwai kuma riƙo, inda akan ba da yaro ga wata 'yar'uwa wadda babu alkunya tsakaninta da shi. Ta waɗannan hanyoyi labarin yaro yake isa kunnen uba ba tare da an haɗa ido ba, nasihar uba kuma ta komo masa ta bakin da zai iya saurara.

To, yau magidanci yana zaune a gidan haya a Kano ko Kaduna ko Yamai, daga shi sai matarsa sai 'ya'yansu, kaka tana can ƙauye sai ran salla ake ganinta, kawu kuwa hidimar nasa iyalin ta sha masa kai. Tagogin sun toshe, ƙofar kunya kuma tana nan a rufe yadda aka bar ta. Tun da wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, har ta kai yanzu yaro yana kwana da duniya a ƙarƙashin matashin kansa, tambayar da ya kasa yi wa ubansa yakan sami mai amsa masa ita cikin daƙiƙa guda, ko da mai amsawar jahili ne ko fasiƙi. Saboda haka aikin da a da aka rarraba wa dangi ya komo wuyan mutum biyu, waɗanda al'ada ba ta koya musu yadda ake yinsa ba.

Ya kamata mu fara sanin wane ne wannan da ke tsugune gabanmu. A wajen malaman fiƙihu, da zarar alamomin balaga sun bayyana, ko kuwa ya cika shekara 18 bisa mashhurin mazhabar Malikiyya idan ba su bayyana ba, yaro ya zama mukallafi, alƙalami ya hau kansa, sallarsa da azuminsa nasa ne, zunubinsa ma nasa ne. Likitoci kuma sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna aƙibar al'amari kafin a aikata shi, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai. Ga mutum ke nan wanda shari'a ta ɗora masa nauyin manya, jikinsa yana tafasa, linzamin hankalinsa kuwa bai gama ƙeruwa ba. Irin wannan umurni kaɗai ba ya isarsa, domin ba kullum mai umurnin yake tare da shi ba. Abin da yake bukata shi ne wanda zai yi tunani tare da shi har ya iya yi shi kaɗai.

Abin mamaki, wannan darasi yana cikin allunan da muka wanke tun muna yara. A Suratus Saffati, lokacin da Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya ga mafarkin yanka ɗansa, umurni ne daga Ubangiji wanda babu makawa a kansa, amma duk da haka sai da ya gaya wa yaron, ya nemi jin ra'ayinsa. A Suratu Yusuf kuma yaro ne ya zo wa ubansa da mafarki, wanda ke nuna ya saba samun kunnen da zai saurare shi. Imamu Ahmad ya ruwaito labarin wani saurayi da ya zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana neman a yi masa izinin zina. Jama'a suka yi masa ca, shi kuwa ya matso da shi kusa, ya yi ta tambayarsa ko zai so a yi haka ga mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, har saurayin ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa, sa'an nan Manzon Allah ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Ni dai ban san uba nawa ne daga cikinmu zai ji irin wannan tambaya bai nemi dorina ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa yawan zargi yakan sa yaro ya saba da jinsa har ya daina yi masa nauyi. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙara a cikin Muƙaddima cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da makirci, domin wanda ke tsoron duka zai nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Wannan “ba komai” da muke ji kullum, sau da yawa mu muka dasa ta.

Hira ta gaskiya ba a kiranta da sammaci. Yaro da kunya ta hana shi duban idon ubansa yakan saki baki idan suna tafe kafaɗa da kafaɗa, a hanyar gona, ko komowa daga masallaci da asuba, ko suna gyaran babur hannu duk baƙin mai. Yarinya kuma takan buɗe cikinta lokacin da uwa take yi mata kitso, ko suna tsintar shinkafa, domin a nan ido yana kan aiki, harshe ya sami sarari. A bar tambayar da amsarta “i” ce ko “a'a”. Maimakon “ka yi karatu?”, a tambaye shi wane malami ne ya fi iya koyarwa, da dalilin da ya sa yake ganin haka, a nemi shawararsa kan farashin taki ko gyaran rufin ɗaki, a kuma yi aiki da ita idan ta yi daidai. Idan ya fara magana a yi haƙuri ya kai aya, ko da an riga an hango kuskurensa, gama wanda aka katse shi da wa'azi sau biyu ba ya sake ɗaukowa na uku. Al'amuran balaga ma, da suka fi kowane zance nauyi a baki, suna da ƙofa a buɗe: babin tsarki na Ahalari ya ambaci janaba da haila ƙarara, uba ya zauna ya biya wa ɗansa, uwa ta biya wa 'yarta, kunyar ta rataya a wuyan littafi.

Saura amana, wadda a kanta iyaye mata suka fi tuntuɓe, ba da mugun nufi ba. Yarinya ta gaya wa uwarta cewa wani yaro yana tare ta a hanyar Islamiyya, kafin magariba uba ya ji, yayye sun ji, maƙwabciya ta ji, washegari an hana ta fita. Lalle akwai abin da bai halatta a ɓoye wa uba ba, musamman idan cutarwa ta shigo ciki. Amma ko a nan sai uwa ta ce, “Wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai, bari mu gaya wa Babanku tare, ni zan fara magana”, ta kuma bar yarinyar ta zaɓi ko yau da dare za a gaya masa ko gobe bayan ya karya kumallo.