Lissafin kwarara da bazuwa

Lissafin kwarara da bazuwa wani lissafi ne da ke bayyana yadda abu kamar gishiri, taki, zafi ko hayaƙi yake tafiya a cikin ruwa ko iska. Abubuwa biyu ne ke faruwa lokaci guda. Ruwan da ke gudu yana ɗaukar abin ya yi gaba da shi, wannan ita ce kwarara. Abin kuma da kansa yana watsuwa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, wannan ita ce bazuwa, wadda Adolf Fick ya tsara dokarta a shekarar 1855. Idan tafiyar ta layi ɗaya ce ana rubuta shi kamar haka:

∂c/∂t + u ∂c/∂x = D ∂²c/∂x²

A nan c yawan abin ne a cikin ruwa, u gudun ruwan, D kuma ƙarfin bazuwa.

Misali daga Bagwai

Madatsar ruwa ta Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai a jihar Kano, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980, tana ba manoman rani ruwa ta magudanai. Idan takin zamani ko maganin feshi ya zuba a magudana, tambayar masu gonakin ƙasa ita ce yaushe zai iso wurinsu, kuma da wane ƙarfi. Haka ma takin da ke nutsewa cikin ƙasa ya nufi rijiyoyin ƙauye. Wannan lissafi ne ke ba da amsa. Sai dai ba a iya warware shi da alƙalami sai a yanayi mai sauƙi, irin wanda Ogata da Banks suka warware a 1961. Magudana ta gaske tana da lanƙwasa da ƙofofi, don haka sai an koma ga kwamfuta.

Inda matsalar take

Kwamfuta tana yanka magudanar gida-gida, kowane gida da tsawonsa Δx, sannan ta ƙididdige c a kowanne. Hanyar da ta fi saurin zuwa a rai ita ce a auna canji ta duban gidan gaba da na baya daidai wa daida. Tana aiki ne kawai idan u·Δx/D bai wuce 2 ba. Ana kiran wannan adadi lambar Péclet ta gida, daga sunan masanin kimiyya ɗan Faransa Eugène Péclet.

A ɗauka ruwa na gudun mita 0.5 a daƙiƙa, D ya zama 1, an kuma yanka gidaje masu mita 10. Lambar ta zama 5. Amsar za ta riƙa hawa da sauka, har kwamfuta ta nuna taki ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Kafin a gyara sai an rage gida zuwa mita 4, wato gidaje 2,500 a magudana mai kilomita 10. A layi ɗaya wannan ba komai ba ne, amma a tafki mai tsawo da faɗi da zurfi gidajen sukan kai miliyoyi.

Hanyoyin warwarewa

A 1952 Courant da Isaacson da Rees suka kawo hanyar duban gidan sama kaɗai, wato inda ruwan ya fito. Hawa da sauka ya ɓace, amma da tsada: hanyar tana ƙara bazuwar ƙarya mai girman kusan u·Δx/2. A misalin da ya gabata wannan 2.5 ne, ya fi D na gaskiya ninki biyu da rabi. Jadawalin zai fito sumul, amma zai nuna taki ya tsarma fiye da yadda yake. Wannan kuskure ya fi na farko haɗari, domin ba a ganinsa.

Godunov ya tabbatar a 1959 cewa hanya miƙaƙƙiya wadda ba ta haifar da hawa da sauka ba za ta wuce matakin farko na daidaito ba. Yawancin aikin da ya biyo baya neman hanyar kewaye wannan shinge ne. Brian Leonard ya fitar da QUICK a 1979, mai amfani da gidaje uku, biyu daga sama. Brooks da Hughes suka fitar da SUPG a 1982, wadda ke ƙara bazuwa ta fuskar da ruwa ke bi kawai. Ami Harten ya kawo tsarin TVD a 1983: ana amfani da hanya mai daidaito inda amsa take lafiya lau, a koma duban sama inda ta yi tsini. Masu lissafin na'urorin lantarki kuma sun fi sabawa da hanyar Scharfetter da Gummel ta 1969.

Batun lokaci

Sharaɗin Courant da Friedrichs da Lewy na 1928 ya ce a hanyar da ke lissafa gaba kai tsaye daga yanzu, kada ruwa ya tsallake gida fiye da ɗaya a taku guda. Da gida mai mita 10 da gudun 0.5, taku ba zai wuce daƙiƙa 20 ba. Hanyar Crank da Nicolson ta 1947 tana ba da damar dogon taku, amma dole a warware dukkan gidaje tare. A layi ɗaya dabarar Thomas tana yin haka da aikin da ke ƙaruwa daidai da yawan gidaje. A manyan ayyuka ana amfani da raga mai hawa-hawa, wadda Fedorenko ya faro a shekarun 1960, Achi Brandt kuma ya bunƙasa ta a 1977: ana gyara kuskure a raga mai manyan gidaje, sannan a dawo da gyaran kan mai ƙanana.