Shimfiɗar rage ƙara a injin jirgin sama

Shimfiɗar rage ƙara faranti ce mai ƙananan huji da ake liƙawa cikin bututun injin jirgin sama, bayanta da ramuka kamar saƙar zuma. Tana shanye ƙarar injin, abin da ke sauƙaƙa wa mazauna kusa da filayen jirgi kamar na Malam Aminu Kano.

Ana auna aikinta da imfidans, wato matsin sauti a raba da saurin kaɗawar iska a fuskarta. Adadin kan canza idan iska na gudu bisa hujin, don haka awo cikin tsayayyar iska bai wadatar ba. A cibiyar NASA ta Langley, Amurka, ana hura iska bisa samfurin, makirufo su ɗauki raguwar sautin, sannan a lissafo imfidans ɗin.